Guraben da Kamila Ta Bari

Goronyo, 4 ga Oktoba

Zuwa ga Goggo Safiyatu, a Raba.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan kina lafiya ke da mutanen gida duka. Ya gwiwa? Da na je Wurno kwanan baya Inna ta ce mini gwiwar ce ta hana ki zuwa sunan ɗiyar Yazid. Allah shi sawwaƙe. Mu nan lafiya lau, sai zazzaɓin damina da ya ɗan kwantar da ni kwana uku, ya kuma sake ni.

Kada ki yi ta juya takarda kina neman mai ita. Ni ne Jamaluddeen na gidan Malam Almustapha, wanda kinka taɓa murɗe wa kunne don ya ce miyarki ta yi gishiri. Na san zumuncinmu ya yi nisa, tunda sai an hau har kan kakanni ake samun inda munka haɗu, kuma na san laifina ne da ban zuwa. Tun da anka rufe layin waya a yankin nan muka koma takarda, shi ya sa na ba Attahiru direba wagga, tunda yana bi ta Wurno ya shiga Raba.

Goggo, taimako nike nema. Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da Hausa a makarantar 'yan mata ta nan. Wanga zango na ce wa 'yan aji biyu na babbar sakandare kowacce ta ƙirƙiro tatsuniya tata ta rubuta, ita ce jarrabawarsu. Na ja musu kunne ƙwarai cewa duk wadda ta rubuta abin da ba nata ba sifiri za ta samu. Yanzu ga takardu sittin da biyu a gabana. Malam Shittu, shugaban sashenmu, ya ba ni tsarin maki: kaza na buɗewa da rufewa, kaza na ƙa'idar rubutu, kaza na darasi, mafi yawa kuma na cikar labari. A takarda abin ya yi kyau. Da na fara duba sai na ga wadda ta fi sa ni hamma ita ke tashi da maki mafi yawa. Wajen guda tara sun ƙare da cewa mu riƙa yi wa iyaye biyayya, alhali babu uwa babu uba a labarin. Wata kuwa a labarinta ta ba kura wayar hannu.

Guda ɗaya ce ta hana ni sukuni. Mai ita Kamila, 'yar Shinaka, tana cikin waɗanda anka karɓa tsakiyar shekara bayan an tashe su daga gida. Ba ta yi gwajin farko da na biyu ba, don haka wagga takarda kaɗai ke tsaye mata a Hausa. In ba ta kai arba'in ba sai ta maimaita aji, kawunta kuma, Lawwali tela, wanda take hannunsa, ya riga ya faɗa wa makaranta cewa in maimaici ne to ta zauna gida. Rubutunta tsaf, Hausarta ta fi ta kowa daɗi, amma labarin rami-rami ne. Wuri bakwai ta tsallake layi biyu ba ta rubuta komai ba, sai ta ci gaba kamar an faɗi wani abu. Na bi kowane gurbi da jan biro na rubuta “Ina sauran?” Da na tara, talatin da ɗaya ta samu.

Kin san gidanmu ba a yin irin waɗannan abubuwa. Baba cewa yake ƙarya ce ake koya wa yara, ni kuma a jami'a na fara gamuwa da tatsuniya, cikin littafi. Ke kuwa a gidan da ake yinta kinka tashi, ga shekara talatin da kinka yi kina koyar da 'yan firamare. Ki gaya mini yadda ake gane mai kyau.

Ɗanki,
Jamaluddeen

Raba, 9 ga Oktoba

Jamalu,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso ni ina shanyar shinkafa. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba, in ta yi gardama in zauna, in ta huce in tashi. Zazzaɓi kuma Allah shi ƙara sauƙi, ka bar kwana ba gidan sauro.

Ban juya takarda ba. Ina ganin wanga rubutu mai tsaye kamar an jera kara na san jinin Malam Almustapha na. Miyata kuwa ba ta yi gishiri ba, bakinka na bai da kunya.

To amma tsaya. “Gidanmu ba a yin irin waɗannan abubuwa.” Sau ukku na karanta wanga layi. Yo mu gidanmu mi aka yi? Uwata Hauwa'u daga zaurenku ta hito, Jamalu. Don ta auri marini a Raba, shekara goma sha wani abu kakanninka ba su taka ƙoharta ba, in mun zo Wurno da salla ana kallon hannunmu ko baban rini ya kama shi. Mun yi karatun allo kamar kowa, mun yi salla kamar kowa, in an gama tuwo kuma uwata ta tara mu ta ba mu tatsuniya. Ban ga wanda ta ɓata ba. Yanzu da takarda sittin ta kai maka iya wuya ka tuna da gidan maƙaryata. Madalla.

Na huce, tunda na hwaɗi.

Tsarin makin Malam Shittu ban da ta cewa a kai, ban san shi ba, kuma mai irin wagga takarda ba ya son a taɓa mishi ita. Amma yarinyag ga ta Shinaka ta tsaya mini a rai. Ka ce rami-rami, ba ka ce mi ke bakin ramin ba. Wanda bai iya labari ba a tsakiya shika kakarewa, ko shi kasa ƙarshe. Ban taɓa ganin wanda ya kakare sau bakwai, kowane layi biyu cif, kuma ya kai ƙarshe lahiya ba. Kwahe mini abin da tar rubuta kahin gurbin da bayan shi, kamar yadda shike, kada ka gyara mata ko waƙafi.

In ka je Wurno ka gaida Innarka. Ka ce mata tafarnuwar da ta aiko bara har yanzu ina ci.

Goggonka,
Safiyatu

Goronyo, 12 ga Oktoba

Goggo,

Bayan gaisuwa da tambayar gwiwa. Wallahi da na karanta takardarki kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata, alhali ni kaɗai ne a ofis. Ba abin da nike nufi ke nan ba. Rashi na faɗa miki, ba fahari ba. Abin da anka yi wa Goggo Hauwa'u kuwa ban taɓa jin sa ba sai yau, kuma bai yi mini daɗi ba. Ki yafe mini.

Ga labarin a taƙaice. Wata rijiya ce a wani gari, kullum ana ɗibar ruwanta babu mai gaishe ta. Ran nan sai ta yi fushi ta tattara ruwanta ta bar garin. Da gari ya waye anka tarar da fili fetal. Manya na ta taro, sai wata yarinya ta ɗauki guga ta bi sawun laima. Duk inda ta cim mata sai ta yi mata waƙa. Ga wurin farko kamar yadda ta rubuta:

“Sai yarinya ta ishe ta gindin wata tsamiya tana hutawa. Ta durƙusa ta ce:

Rijiyar gidanmu, ina kinka kwana?
Guga na hannu, igiya ta bushe.”

Daga nan sai layi biyu babu komai, sai jan birona. Sannan ta ci gaba: “Da yarinya ta ji haka sai ta yi dariya, ta ce to ai ba ni na zuba miki toka ba. Ta kwance ɗankwalinta ta share mata baki.”

Kin gani? Ta ji mi? Wa ya yi zancen toka? Haka abin yake har sau bakwai. A na biyar yarinyar kuka ta yi, a na shida ta juya gabas, ba a faɗi dalili ba. A ƙarshe rijiya ta biyo ta sunka koma gida, tun daga ranar kowa ya zo ɗibar ruwa sai ya ce ina kwana. Har da ƙurungus ɗinta ta rufe.

Ban kira yarinyar na tambaye ta ba. Malam Shittu ya hana a yi magana da ɗalibi kan takardarsa kafin a miƙa maki, wai kada a ce an yi son kai. Ita ma ba mai magana ba ce, a layin baya take zama jikin taga. Ranar ashirin da biyu ga wata za mu miƙa. Ina jiran amsarki.

Jamaluddeen

Goronyo, 24 ga Oktoba

Goggo,

Ina gaisuwa. Allah shi sa lafiya ce ta kawo shirun nan. Kwana goma sha biyu ke nan ina leƙa tasha, ban ga Attahiru ba, ban ga takarda ba. Wannan wani mai kai albasa na ba, ya ce ya san gidanku.

Na yi ta tunanin ko ba ki huce ba kamar yadda kinka ce. In haka ne ban ga laifinki ba. Ranar Asabar na je Wurno na tambayi Inna zancen Goggo Hauwa'u. Ta ce gaskiya ne, kuma ita kanta tana amarya ta sha laɓewa bayan ɗaki tana saurare in kun zo da salla kuna yi wa yara tatsuniya a ɓoye.

Shekaranjiya na miƙa maki. Na sake duba takardar Kamila sau biyu, na tsinto mata uku a ƙa'idar rubutu, ta koma talatin da huɗu. Iyakar abin da tsarin ya ba ni ke nan. Malam Shittu ya sa hannu. Sai ranar biyar ga watan gobe kwamiti zai zauna a shigar da sakamako cikin babban littafi, daga nan kuma babu gyara. Tun da na miƙa ban ji daɗin raina ba, kuma ban san dalili ba, tunda ƙa'ida na bi.

Jamaluddeen

Raba, 27 ga Oktoba

Jamalu,

Lahiyata lau, kuma ba hushi nike ba. Kai dai ka cika saurin ɗaura wa kanka laihi. Tun ranar sha huɗu na ba Attahiru amsarka. Motatai ta lalace a Wurno, ta kwana goma wurin bakanike, takardata na cikin aljihun gaban mota tare da goro. Jiya ya maido mini ita yana sosa ƙeya, na hwaɗa mishi abin da ya sawwaƙa. Na yage waccan, ga sabuwa, tunda magana ta canza.

Innalillahi, Jamalu! Talatin da huɗu? Da na karanta abin da ka kwaho mini sai da na aje takarda na tahi na ba awaki ruwa don raina shi kwanta. Ni da na yi shekara sittin da wani abu ina jin tatsuniya, ban taɓa jin rijiya ta yi yaji don ba a gaishe ta ba. Wagga yarinya ita ta haihi abinta.

Bari in koya maka abin da ba a rubuta cikin littahinka ba. Tatsuniya ba aikin mutum guda ba ta. Ko buɗe ta ka yi, in ba a amsa maka ba, ai ba ka ci gaba, sai ka zauna da bakinka. Haka in an zo wurin waƙa: mai bayarwa ya yi nashi, ya yi shiru, masu saurare su karɓa. Uwata in ta kai wurin amshi ko za a kwana nan ba ta yi da bakinta. Sai ta naɗe hannu ta zuba muna ido. Cewa take wanda ya yi waƙa ya amsa wa kanai, to ya nuna ba shi da kowa. Wata rana dut mun yi gyangyaɗi, ta kai wurin amshi ba wanda ya tanka, ta tashi ta kaɗe zane, kwana huɗu ba mu ji ƙarshen labarin ba.

Guraben nan bakwai ba mantuwa ba ta. Wurin maganar rijiya na, kuma ba Kamila ke yin rijiya ba. Akwai mai yi mata. Duba da kyau: bayan gurbin hwarko ta ce ba ni na zuba miki toka ba. Ashe ko kai ka san abin da rijiya tac ce, ƙorahin toka ta yi. Labarin bai ɓace maka ba, kai dai ka ga hwarin takarda ka tsorata.

Abin da ban sani ba shi na dalilin da ya hana ta rubutawa. Yaran yanzu in an ce su rubuta, dut da amshin suke zubawa. Tunda kun miƙa maki, dokar Malam Shittu ta hwaɗi. Kira ta. Kada ka kira ta ofis ka zauna bayan tebur kamar alƙali, ka samu inuwa, ka aje jan biron nan naka a aljihu. Tambaya guda za ka yi mata: wa ke amsa miki?

Zancen Innarka kuwa ya ba ni dariya har da hawaye. Ashe ita ta ke tari bayan ɗaki! Mu muna cewa akuya ta.

Kwana tara ya rage maka. Kada ka tsaya rubuta mini ban haƙuri.

Safiyatu

Goronyo, 30 ga Oktoba

Goggo,

Na gaishe ki. Takardarki ta zo jiya da hantsi, da anka tashi hutun tara na kira Kamila gindin dogon yaron da ke bakin ajinsu. Na yi yadda kinka ce. Na ce, “Kamila, a tatsuniyarki, wa ke amsa miki?”

Ta dubi ƙasa. Sannan ta ce, “Latifa.”

Ƙanwarta ce, shekara biyu tsakaninsu. A Shinaka su biyu ke ɗibar ruwan gidansu, rijiyar kuma da nisa, to a hanya sunka ƙirƙiri labarin, yau kaɗan gobe kaɗan. Kamila ke bayarwa, Latifa ke yin rijiya, da wata murya mai kauri da take sa mata har mata a bakin rijiya su riƙa dariya. Duk maganar rijiya Latifa ce ta shirya abinta.

Na ce to mi ya hana ki rubutawa? Ta ɗago ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce, “Malam, kai kac ce wadda tar rubuta abin da ba nata ba sifiri ta. Wancan na Latifa na.”

Goggo, dokata ce. Ni na kafa ta, yarinya ta bi ta fiye da kowa a ajin, ni kuma na kayar da ita a kanta.

Na tambayi inda Latifa take. Ranar da 'yan bindiga sunka shiga garinsu suna hanyar rijiya. Kamila ta faɗa cikin gero ta kwanta, Latifa na gaba da guga, anka tafi da ita tare da wasu. Wata takwas ke nan. An sako wasu, ita ba a ji komai ba, ba a ce tana raye ba, ba a ce ta rasu ba. Ta faɗa mini wannan da murya ɗaya, ba ta yi kuka ba.

Sai na yi abin da na ɗauka alheri ne. Na ce na janye dokar a kanta. Na ɗauko takardar daga jaka na ce ta karɓa ta cike guraben, ta rubuta sunan Latifa a gefe, ni kuma in kai wa Malam Shittu, na tabbata za ta haye arba'in da nisa. Ta karɓa ta buɗe. Tun da ta miƙa ba ta sake ganin takardar ba sai lokacin. Na ga idonta na bin jan birona, gurbi bayan gurbi. Ta ce a hankali, “Malam, ka yi rubutu wurin Latifa.”

Ta miƙo mini takardar da hannu biyu, ta ce ta gode, amma ba za ta cike ba. Na ce kin san abin da kawunki ya ce? Ta ce ta sani. Ta ce, “In na rubuta mata, kamar na ce ba ta dawowa ta hwaɗa da bakinta.” Aka kaɗa ƙararrawa ta koma aji.

Na je wa Malam Shittu da maganar. Ba mugun mutum ba ne, har ya cire tabarau ya yi salati. Amma ya ce shi abin da ke kan takarda yake dubawa, in an ba Kamila maki don tausayi, akwai yara goma sha ɗaya a makarantar da anka taso daga garuruwansu, kowacce da nata labarin. Ya ce in kawo mishi hujja ta aiki cewa labarin cikakke ne, ba ta zuciya ba. Gaskiyarsa, kuma ni ba ni da ita. Raina a ɓace yake, Goggo, kuma da kaina nike fushi.

Jamaluddeen

Raba, 1 ga Nuwamba

Jamalu,

Allah shi bayyana Latifa, shi maido ta ga 'yar'uwarta lahiya. Na yi kuka, ban ɓoye maka ba.

Kada ka sake roƙon yarinyag ga ta cike komi. Ta hi ka gaskiya. Kuma kada ka nema mata makin tausai, ba ta buƙatar shi, raini na.

Malam Shittu hujja shika so, a ba shi. Ku kuna auna tatsuniya da ido, ita kuwa da kunne aka auna ta. Ka sa shi ya zo aji da takardar makinai. Ka tsaya gaban yara ka ba su labarin, ba karatun sanarwa ba, ka buɗe shi yadda aka buɗewa ka jira su amsa. In ka kai gurbi ka yi shiru. Ka daure, shirun zai yi maka tsawo, kada ka cike shi da bayani irin naku na malamai. In labarin ramamme na, yara za su zuba maka ido. In cikakke na, za ka ji.

Amma ka nemi izinin mai shi tukuna. In ta ce a'a, a'a ta.

Wagga na ba Attahiru hannu da hannu, na ce in ta sake kwana a mota shi da ni ne.

Safiyatu

Goronyo, 6 ga Nuwamba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina gaida gwiwa, ina gaida awaki. Ni lafiya, jiya na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Na nemi izinin Kamila. Ta ce in karanta, amma kada in faɗi mai labarin, kada kuma in ce ta amsa. Malam Shittu da ƙyar ya yarda, ya ce minti ashirin zai ba ni. Ranar Laraba ya shigo da takardarsa ya zauna a kujerar baya.

Goggo, na tsaya gaban aji. Na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.” Ban taɓa faɗin haka da ƙarfi ba tun da anka haife ni. Yara sunka dubi juna, sunka yi dariya, sannan sunka amsa gaba ɗaya har na ji a ƙirjina.

Na kai gurbin farko na yi waƙar yarinya da wannan muryar tawa da kinka sani, na yi shiru. Babu wadda ta tanka. Na ji Malam Shittu ya gyara zama. Na ƙirga goma a zuci na ci gaba. Da na karanta “ba ni na zuba miki toka ba” sai wata ta ce, “Au, ashe ƙara ta kai!” A gurbi na biyu ma shiru, sai ƙus-ƙus. A na uku wata Halimatu 'yar Taloka, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu a ajina ba, ta kumbura murya ta ce, “Na kwana inda aka gaishe ni, koma ki sha tulunki!” Aji ya fashe da dariya. Na duba takarda, abin da ke biye shi ne yarinya ta ce tulun ai babu komai ciki. Kamar tare sunka rubuta.

Daga nan ban sake jira ba, kafin in rufe baki rijiya ta amsa, wani lokaci rijiya uku a lokaci ɗaya. A na biyar, inda yarinyar ke kuka, babu wadda ta yi wasa. Wata ta ce a hankali, “Garin da na baro, akwai sauran mutane?” Na saci kallon taga. Kamila na zaune ta dafe baki da gefen hijabi, leɓenta na motsi a ƙarƙashi, amma sauti bai fito ba.

Minti ashirin ɗin Malam Shittu sun zama arba'in, bai duba agogo ba. Da munka fito ya ce in ba shi takardar. A tsaye ya soke abin da na bayar a cikar labari ya rubuta nasa, ya tara, ya ce, “Saba'in da ɗaya. Na rage mata a darasi, don ba ta rubuta shi a fili ba.” Ban yi gardama ba. Jiya kwamiti ya zauna, saba'in da ɗaya ta shiga babban littafi. Kamila ta wuce zuwa aji uku. Da yamma na bi ta shagon Lawwali na faɗa mishi, ya ce to sai ya ɗinka mata sabon hijabi, wancan ya ƙoɗe.

Na tambaye ta ko abin da yara sunka amsa ya yi kama da na Latifa. Ta ce, “Ko kusa. Nata ya hi.” Amma da murmushi ta faɗa.

Saura abu ɗaya da maki bai gyara ba. Yau ake mayar wa ɗalibai takardunsu, ni kuma na kasa miƙa mata waccan da jan birona a ciki. Goge shi ba ya yiwuwa, na gwada a gefe takardar ta nemi hujewa. Sai na sayi sabuwar takarda mai layi, bayan sallar la'asar jiya na zauna na kwafe labarin da hannuna tun daga farko har ƙurungus, ban gyara mata ko waƙafi ba. Duk inda na kai wurin rijiya na tsallake layi biyu.

Da safe na ba ta duka biyun. Ta ajiye tsohuwar a kan benci ba ta ko duba makin ba. Ta buɗe sabuwar, ta sa yatsa tana bin guraben ɗaya bayan ɗaya, ina jin tana ƙirgawa. Da ta kai bakwai ta ninke takardar ta sa cikin littafinta.

Ta ce, “Malam, ka bar mata wuri da yawa. Rubutunta ƙanana na.”

Na ce ba komai, in ta zo ta rubuta yadda take so.

In an yi hutu ina nan zuwa Raba, ni da Inna. Ta ce wannan karon a tsakar gida za ta zauna.

Ɗanki,
Jamaluddeen